Ƙayar Aduwa da Nufin Allah

Ina roƙonku haƙuri da tsawon wannan rubutu, gama abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya daɗe yana yi mini nauyi a zuciya.

Shekaru kaɗan da suka wuce, a lokacin sharar gona, katekis na wata ƙaramar majami'armu ta ƙauye ya zo mini da daddare a kan babur, ya ce in taho da man shafewa, wani magidanci yana bakin mutuwa. Na san mutumin. Ƙaƙƙarfa ne, bai kai shekara hamsin ba, shi ne yakan ɗauki gicciye a gaba sa'ad da muke bin Hanyar Gicciye a lokacin azumi. Na iske shi kwance a tabarma cikin ɗaki mai duhu, haƙoransa a sarƙe, wuyansa a sandare. Da wani yaro ya bugi ƙofar kwano, sai jikinsa duka ya ƙage, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, har ƙeya da diddige ne kaɗai ke taɓa ƙasa. Idonsa biyu, yana jin duk abin da ake faɗa. Na tambayi matarsa ko ya ji wani rauni kwanan nan, ta ce a'a. Can sai ta tuna, ta ce: "Fada, sai dai ƙaya." Wajen kwana tara kafin wannan dare ya taka ƙayar aduwa a iyakar gonarsa, ya zare ta, ya toshe wurin da ƙasa domin jini ya tsaya, ya ci gaba da aiki. Ta nuna mini tafin ƙafar. Bakin raunin ya riga ya rufe, ɗan tabo ne kawai kamar ƙwayar gero. Muka kai shi asibiti da asuba, ya yi kwana uku a can, ya rasu.

A wurin zaman makoki na ji magana iri biyu. Dattawa suka ce kwanansa ne ya ƙare, nufin Allah ne, ba mai tsallake ranarsa. Ƙannensa kuwa suka ce jifa ne, har suka ambaci sunan maƙwabcin da ya yi shekara biyu yana jayayya da marigayin a kan wannan iyakar gona. Ba wanda ya ambaci ƙaya. Ni ma ban ambace ta ba a wa'azin jana'iza, domin na ga kamar ba lokacinta ba ne. Yau ina ganin na yi kuskure, wannan rubutu kuwa biyan bashi ne.

Tambayar da nake so mu yi tunani a kanta ita ce: idan ƙaya ta kashe mutum, a wuyan wa alhakin yake? Amma ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba, saboda haka sai mu fara duba yadda ƙaya take kisa.

Ciwon da ya ɗauke wannan ɗan'uwa shi ne wanda muke kira sarƙe-haƙora, ma'aikatan asibiti kuma suna ce da shi tetanus. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya gani, mazauninta kuwa ƙasa ce da kashin dabbobi, wato takin nan da muke zubawa a gona da hannunmu. Tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru a cikin wani ɓawo mai tauri, zafi da fari ba su cika yi mata kome ba. Abin da ba ta so shi ne iska. Shi ya sa ƙaramin huji mai zurfi yakan fi babban yanka mai buɗaɗɗen baki haɗari, in dai an wanke yankan an tsabtace shi. Ƙaya takan tura ƙwayar can ciki, fata ta rufe a bisanta, ta sami wurin da babu iska, ta farka, ta soma fitar da dafi. Dafin ya bi jijiyoyi har ya kai laka, a can ya lalata abin da ke sa tsoka ta saki bayan ta ɗaure. Sai muƙamuƙi ya ƙage, wuya da baya su bi, a ƙarshe numfashi ya gagara. Alamun sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa kwana 21 bayan raunin, lokacin da mai shi ya riga ya manta ya taɓa taka wani abu. Mutane da yawa suna zaton tsatsar ƙusa ce kaɗai ke kawo ciwon nan. Tsatsa ba ta da laifi a kanta. Ƙasar da ta shiga tare da ƙusar ita ce magana, ƙaya kuwa tana ɗauke da ƙasa kamar yadda ƙusa take ɗauke da ita. Ba a kuma ɗaukar wannan ciwo daga wani mutum, wanda ya warke daga gare shi ma bai tsira daga sake kamuwa ba sai an yi masa allura.

Sarƙe-haƙora ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani ciwo da likitoci ke kira maisetoma, wanda ya fi yawa a ƙasashen da bagaruwa da farar ƙaya suke da yawa: Sudan, Cadi, Nijar, Senegal, har da Indiya da Meziko. Ƙaya takan shigar da ƙwayar cikin ƙafar makiyayi ko manomi mai tafiya ba takalmi, wani ɗan kumburi ya fito wanda ba ya ciwo, ya yi ta girma a hankali har shekaru, ya huhhuje, yana fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi, baƙaƙe ko farare, kamar tsaki. Tun da yake ba ya ciwo, mai shi ba ya zuwa asibiti sai ya ci ƙashi, sa'an nan sau da yawa ba abin da ya rage sai yanke ƙafar. An kafa cibiyar binciken wannan ciwo a Khartum a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Ban da wannan, tsinin ƙayar dabino ko ta lemun tsami yakan karye cikin gwiwa ko gaɓar yatsa, gaɓar ta yi ta kumburi wata da watanni, hoton ƙashi na asibiti kuma sau da yawa ba ya nuna shi, domin itace ne. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta daina ji yakan yini da ƙaya a tafin ƙafa bai sani ba, har ta zama gyambo. Reshen magarya ko ganyen dawa ya karci ƙwayar ido lokacin girbi, a ɗiga masa ruwan wani ganye, bayan mako biyu idon ya yi fari. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido; a nan maganar ta wuce karin magana.

To, yanzu mu koma ga maganganun da na ji a wurin makoki.

Ta ƙannen marigayin ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Na gane dalilinsu: lafiyayyen mutum ya sandare dare ɗaya, ba a ga rauni ba, akwai kuma wanda ake gaba da shi. Zuciya ta fi son ta sami abokin gaba mai fuska da suna a kan ta yarda cewa abin da bai kai ƙwayar ƙura ba ya kayar da ƙato. Amma duk alamar da suka kira jifa, likita zai lissafa maka ita tun bai ga majinyacin ba. Wanda ya ɗora wa maƙwabcinsa kisankai ba tare da hujja ba ya karya doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, baƙin ciki kuwa ba ya mayar da ƙazafi halal.

Maganar dattawa ita ce mai wuya, domin akwai gaskiya a cikinta. Lalle rai da mutuwa a hannun Allah suke, ba kuwa abin da ke faruwa a ɓoye gare shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabari ya san irin ta'aziyyar da ke cikin wannan magana, ni kuma ba zan ƙwace ta daga bakin gwauruwa ba. Amma akwai bambanci tsakanin faɗinta bayan an yi iyakar ƙoƙari, da faɗinta domin kada a yi ƙoƙarin. A ta fari bangaskiya ce ke magana. A ta biyu ragwanci ne ya ari rigar bangaskiya.

A makarantar horon firistoci an koya mana cewa Allah, wanda shi ne tushen kome, ya ga dama ya tafiyar da duniya ta hanyar dalilai. Shi ke ba da abinci, amma ta hanyar ruwan sama da fartanya. Ba manomin da zai zauna a gindin bishiya damina ta wuce, ya ce in Allah ya nufa rumbu zai cika. In ya yi haka ma, dattawan nan da kansu za su ce da shi rago. Me ya sa abin da muka yarda da shi a kan gona muke musunsa a kan jiki? Waliyyi Toma Akwinas, da yake bayani a kan zunubin gwada Allah, ya nuna cewa mutumin da yake da hanyar kuɓuta daga haɗari a gabansa, ya ƙi binta ba tare da wani dalili ba, yana jiran Allah ya cece shi kai tsaye, to, gwada Allah yake yi, ko da bai faɗa da baki ba. Wannan shi ne abin da Shaiɗan ya nema daga wurin Ubangijinmu a kan ƙololuwar Haikali, cewa ya faɗo domin mala'iku su tare shi, Yesu kuwa ya ƙi. Littafin Sirak, a sura 38, ya umarce mu mu girmama likita, ya kuma ce Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa, mai hankali ba ya raina su. A cikin surar nan an haɗa addu'a da kiran likita wuri ɗaya, ba a ce a zaɓi ɗaya ba.

Ga wani abu da ya kamata mu auna. Wani likita ɗan Japan mai suna Kitasato ya ware ƙwayar sarƙe-haƙora a birnin Balin tun 1889, allurar rigakafinta kuma ta samu a Faransa a shekarun 1920. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, jarirai wajen 787,000 ne wannan ciwo ya kashe a duniya a 1988, galibi ta hanyar cibiya da aka yanke da ƙazamin ƙarfe ko aka shafa mata toka da kashin shanu. A 2018 adadin ya sauko zuwa wajen 25,000. Shin Allah ne ya sake shawara a cikin shekaru 30 ɗin nan, ya fara ƙaunar jarirai fiye da dā? Ko kusa. Ƙaunarsa tana nan yadda take. Abin da ya sake shi ne an yi wa iyaye mata allura, ungozoma kuma ta koyi wanke hannu da amfani da sabuwar reza. Idan muka ce dukan waɗancan jarirai kwanansu ne ya ƙare, mun ɗora wa Allah abin da jahilcinmu da talaucinmu suka aikata.

Wani zai ce: Fada, ashe ba ku ne kuke koya mana mu ɗauki wahala da haƙuri ba? Ba Ubangiji da kansa aka sa wa rawanin ƙaya ba? Manzo Bulus ma ya yi maganar wata ƙaya a jikinsa, wadda ya roƙa sau uku a cire masa, ba a cire ba. Wannan tambaya ce mai kyau, na kuma sha yi wa kaina ita, musamman da na gane cewa kurnar nan da ke ƙofar gidajenmu, sunan da masana tsirrai suka ba ta da Latin ma'anarsa ƙayar Kristi, bisa ga wani tsohon zance cewa da irin rassanta aka saƙa rawanin. Amma a lura: ƙayar Yesu mugunta ce ta ɗora masa, ya kuma karɓe ta saboda ƙauna, domin ceton waɗansu. Bulus kuwa sai da ya nemi a cire tasa. Ƙayar da aka bari a ƙafa saboda ƙyuya ba ta ceci kowa ba, sai dai ta bar marayu biyar. Gicciyen da za mu ɗauka yana nan da yawa, wanda ba wanka ko allurar da za ta kawar da shi. Ba mu da bukatar sassaƙa wani da hannunmu. Ina kuma yawan tunawa cewa a Littafin Farawa, a cikin surar da aka ce ƙasa za ta tsiro wa mutum da ƙaya, a nan ne Allah da kansa ya yi wa Adamu da matarsa tufafin fata ya sa musu. Wanda ya faɗi cewa ƙaya tana zuwa, shi ne ya fara rufe jikin da za ta soka.

To, ashe marigayin ya yi zunubi ke nan? A nan sai mu taka a hankali. Ikilisiya tana koyar da cewa rai da lafiyar jiki amana ce da Allah ya ba mu, dole kuma mu kula da su gwargwadon hankali. Wannan yana ƙarƙashin doka ta biyar. Paparoma Piyus na 12, a wani jawabi ga likitoci a 1957, ya bayyana cewa abin da ya wajaba a kan mutum shi ne hanyoyin neman lafiya na yau da kullum, gwargwadon halinsa da wurinsa da zamaninsa, waɗanda ba su ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Ruwa da sabulu suna cikin wannan, ba shakka. Amma kafin a ce mutum ya yi zunubi, sai ya san abin da yake yi, ya kuma yi shi da yardar ransa. Mutumin nan ya taka ƙaya sau ɗari a rayuwarsa, sau casa'in da tara bai ga kome ba. Ubansa da ƙasa yake toshe rauni, kakansa ma haka. Asibiti mafi kusa tafiyar rabin yini ce, ga ruwa ya kusa sauka, ga gona ba a gama sharewa ba. In ka ce masa ya ajiye gatari ya tafi asibiti saboda ƙaya, dariya zai yi maka, ba kuwa dariyar mugunta ba. Malaman tauhidi sun raba rashin sani gida biyu: akwai wanda mutum ba shi da yadda zai yi ya kawar, akwai kuma wanda da ya so da ya kawar. Na fari yana ɗauke laifi. Ina da kyakkyawan zato cewa nasa irin na fari ne, na kuma bar shi ga jinƙan Allah da zuciya a kwance.

Sai dai alhakin bai ɓace ba don ya sauka daga kansa. Ya koma kan waɗanda suka sani. Na yi shekara huɗu ina zuwa wannan ƙauye ina yin Misa, na yi wa'azi a kan zakka, a kan burkutu, a kan auren mata biyu, ban taɓa ɗaukar minti biyar bayan Misa na ce musu ga abin da ƙaya take yi ba, alhali na sani tun ina makaranta. Akwai 'ya'yan ƙauyen da suka yi karatu suna aiki a birni, sukan aiko da kuɗin Kirsimeti, amma ba wanda ya taɓa tambayar mahaifinsa yaushe rabonsa da allurar tetanus. Akwai mai kemis da ke sayar da ƙwayar kashe zafi ga mai kumburarriyar ƙafa, ya karɓi kuɗinsa, bai ce masa tafi asibiti ba. Zunubin barin abin da ya kamata a yi, wanda muke furtawa a farkon kowace Misa, irin wannan ne, mun kuwa fi saurin mantawa da shi domin ba ya barin jini a hannu.

Akwai kuma wani abu da ya shafi maza musamman. A Nijeriya ana yi wa jarirai allurar da ta ƙunshi rigakafin wannan ciwo sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14, mata kuma suna samun tasu a wurin awon ciki. Ƙarfin allurar jarirai yakan ragu da shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara wasu uku kafin yaro ya gama girma. Magidanci fa? Ba ya zuwa awo, mai yiwuwa ba a yi masa ta jarirai ba, shi ne kuma kullum cikin sarƙaƙiya da taki. A kan wannan sai ya ƙara da girman kai, wai namiji ba ya kai ƙarar ƙaya. Na sha jin wannan, har daga bakin dattawan majami'a. Jarumtaka halin kirki ce sa'ad da akwai abin da ya cancanci a sha wuya dominsa. Wadda ake yi don kada a yi wa mutum dariya a dandali, sunanta fahariya. Mafi muni shi ne maigidan da ke hana matarsa zuwa awo, ko ya hana a yi wa jaririnsa allura saboda wata jita-jita da ya ji a kasuwa. Mutum yana iya cewa jikinsa nasa ne, ko da yake wannan ma ba daidai ba ne ga Kirista. Amma ran matarsa da na ɗansa ba nasa ba ne da zai yi caca da su. Haka kuma uban da ke da kuɗin burkutu ranar kasuwa, amma ɗansa yana bin awaki cikin tsidau da ƙarangiya ba ko takalmin roba.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. In ƙaya ta soke ka, a cire ta da hantsaki ko allura mai tsabta, a duba ko tsininta ya karye a ciki. A wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara ruwan, sa'an nan a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. In hujin yana da zurfi, ko ƙasa ta shiga, ko wani guntu ya rage a ciki, ko ba ka san rabonka da allurar tetanus ba, ko ya wuce shekara 5, ka je asibiti a ranar, kada ka jira sai ka ga abin da zai faru. Ba a fafe gora ranar tafiya. In wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo, haka nan. Ƙaya a ido ko a cikin gaɓa ba aikin gida ba ne. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, in idonsa ba ya gani sosai jikansa ya duba masa. Kumburin ƙafa da ya daɗe ba ya ciwo, a nuna wa likita tun yana ƙarami. In kuwa muƙamuƙi ya fara nauyi bayan wani rauni, ko da raunin ya warke, a ɗauki mutum zuwa babban asibiti a wannan sa'a. A aiko a kira ni, zan zo da man shafewa, amma in same ku a hanya ko a can. Basamariyen nan na cikin misalin Ubangiji ya wanke raunukan mutumin da abin da yake da shi, ya ɗaure su, ya kai shi inda za a yi jinyarsa, ya kuma biya daga aljihunsa. Ina roƙon katekis da shugabannin Zumuntar Mata su karanta wannan sakin layi a majami'unsu kafin a fara sharar gona.

Game da maƙwabcin da aka zarga: bayan jana'izar, mutane suka daina sayen hatsinsa, 'yarsa da aka sa wa ranar aure aka fasa, shi kuma ya daina zuwa majami'a. Da na koma can daga baya, na tara iyalan biyu a gaban dattawa, na kawo wata ma'aikaciyar jinya ta bayyana musu abin da na bayyana muku a nan. Babban ƙanen marigayin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma bai miƙa hannu ba. Gwauruwar ce ta tashi, ta je ta durƙusa ta gaishe da mutumin, ta ce ita ce ta ga ƙayar da idonta. A ranar aka yi wa maza goma sha ɗaya allura a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban majami'a, maƙwabcin yana cikinsu. Ƙanen bai zo ba, aduwar kuma tana nan a iyakar gonar, gama har yanzu ba a daidaita ko ta wace ce ba.